Yadda Ake Nema wa Yaro Gurbi a Makarantun Harshe Biyu na Gwamnati a Amurka: Jagora ga Iyalan Zariya Masu Tafiya Karatu

Shekara da shekaru akwai malaman Jami'ar Ahmadu Bello, da likitocin asibitin koyarwa na Shika, da ma'aikatan cibiyoyin bincike na Samaru, waɗanda ke samun damar tafiya Amurka domin digiri na uku ko wani aikin bincike na shekara biyu zuwa biyar, kuma da yawansu da iyali suke tafiya. Wanda ya saba sa yaro makaranta a Zariya ya san hanyoyin da ake bi: a sayi fom, yaro ya zauna jarrabawa ko a gana da shi, in kuma gurbi ya yi wuya sai a nemi wanda ya san shugaban makaranta ya yi magana. A Amurka kuwa akwai wani rukuni na makarantun gwamnati da ko ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi ba ta aiki a kansa, wato makarantun da ake koyar da darussa da wani harshe ban da Ingilishi, domin masu nema sun fi kujeru yawa, kuma ƙuri'a ce ke raba gardama. Abin da ke hannun uba da uwa a wannan tsari kaɗan ne, amma shi ɗin ne yawancin baƙi ke sakaci da shi: wa'adi, da adireshi, da yadda aka jera makarantun da ake so, da takardu.

Ya kamata a fara fahimtar irin makarantar kafin a neme ta. Ba darasin Faransanci na minti arba'in ake nufi ba, irin wanda yaranmu ke yi a ƙaramar sakandare. Malama ce za ta shiga aji ta koyar da lissafi da kimiyya da karatu da Faransanci ko Sifaniyanci ko Sinanci ko Larabci, tun daga ranar farko, ko da yaron bai san kalma ɗaya ba. Tsarin ya samo asali ne a garin St. Lambert na lardin Kubek a Kanada a 1965, inda wasu iyaye masu jin Ingilishi suka matsa a koyar da 'ya'yansu da Faransanci, sannan ya shiga Amurka ta garin Culver City na Kalifoniya a 1971. A yau ana gudanar da shi iri biyu. Akwai makarantun da kashi 90 cikin 100 na ranar yaro a ajin farko da harshen waje ake yin sa, ana ƙara Ingilishi sannu a hankali yayin da yake hawa aji, akwai kuma masu raba rana biyu daidai, kamar yadda jihar Utah ke yi tun bayan dokar da ta kafa shirin a 2008, inda yaro ke da malamai biyu, ɗaya na Ingilishi ɗaya na ɗaya harshen.

Tsoron da iyaye suka fi bayyanawa shi ne kada Ingilishin yaro ya raunana. An gwada wannan a makarantun gwamnati na birnin Portland, kuma ƙuri'ar kanta ce ta ba masu bincike damar gwaji mai kyau, tun da sun iya kwatanta yaran da suka ci da waɗanda suka nema ba su samu ba. Sakamakon da cibiyar bincike ta RAND da abokan aikinta suka fitar a 2017 ya nuna cewa waɗanda suka samu gurbi sun zarce takwarorinsu a karatun Ingilishi da kimanin watanni bakwai a aji biyar, da kimanin watanni tara a aji takwas, ba tare da sun koma baya a lissafi ko kimiyya ba. Sai dai a lura da azuzuwan da aka ambata. Ribar tana fitowa ne bayan shekaru, alhali malamin da wata hukuma ko wata jami'a ta ɗauki nauyinsa zai dawo gida ne cikin shekara uku ko huɗu.

Saboda haka, a ganina, tambayar da ta fi muhimmanci ga ɗan Zariya ita ce wane harshe ne zai rayu a bakin yaron bayan an dawo Samaru ko Kongo ko Tudun Wada. Faransanci da Larabci suna da gindin zama a nan: ana koyar da su a sakandare, ana rubuta su a jarrabawar WAEC, Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen kowannensu, gwamnatin tarayya ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry da na Larabci a Ngala, ga kuma Maraɗi da Damagaram a maƙwabta. Sinanci da Sifaniyanci kuwa, duk da cewa Sifaniyanci ne ya fi yawan makarantu a Amurka nesa ba kusa ba, yaron da ya bar su yana ɗan shekara takwas zai yi wuya ya sami abokin magana a Zariya, kuma abin da yaro ya koya da sauri da sauri yake mantawa. Masu sha'awar Larabci su san cewa akwai makarantar gwamnati a birnin Houston na jihar Texas da aka buɗe a 2015 domin koyarwa da Larabci da Ingilishi, amma daidaitaccen Larabcin zamani ake koyarwa, da shi ake lissafi da kimiyya, babu karatun addini a ciki, domin makarantar gwamnati a Amurka ba ta koyar da ibada. Islamiyya tana nan a wuyan iyaye, haka ma Hausa, wadda idan ba a riƙe ta a gida ba za ta zama harshe na uku da ba mai kula da shi.

Wasu kan yi ɗari-ɗari da jin kalmar ƙuri'a, suna ganin kamar caca ce. Ba a biyan ko kwabo kafin a shiga, babu wanda ke asarar dukiya domin wani ya samu, kuma jefa ƙuri'a tsakanin waɗanda haƙƙinsu ya zo daidai abu ne sananne a Musulunci, Alƙur'ani ya ambace shi a ƙissar renon Nana Maryam da ta Annabi Yunusa. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai sama wa yaro gurbi a irin wannan makaranta, macuci ne.

Babu doka ɗaya da ta game Amurka a wannan batu. Kowace jiha da kowace gundumar ilimi da nata tsarin, don haka matakin farko shi ne a gano gundumar da jami'ar da za a je take, a buɗe shafinta na intanet, a nemi sashen zaɓen makaranta. Zan yi ta kawo misali da birnin Washington, saboda tsarinsa a fayyace yake kuma yana da makarantun harshe biyu da dama, kamar Oyster-Adams mai Sifaniyanci, da Washington Yu Ying mai Sinanci, da Elsie Whitlow Stokes mai Faransanci da Sifaniyanci. A can fom ɗaya ake cikewa a shafin My School DC, wanda ya haɗa makarantun da gwamnati ke gudanarwa kai tsaye da mafi yawan waɗanda take biya amma wata ƙungiya ke gudanarwa.

Wa'adi shi ne ramin da baƙo ya fi faɗawa. Shekarar karatu tana farawa a ƙarshen Agusta ko farkon Satumba, amma nema ana yin sa tun cikin sanyin da ya gabata. A Washington ana buɗe fom a watan Disamba, a rufe na ƙananan azuzuwa a farkon Maris, sakamako ya fito a ƙarshen watan. Malamin da zai fara karatu a Agusta kuwa sau da yawa sai a Maris ko Afrilu takardar ɗaukarsa ke zuwa, biza ta biyo baya da damina, ya sauka da iyali mako biyu kafin a buɗe makarantu, lokacin da an riga an raba kujeru da watanni biyar. Maganin wannan shi ne kada a jira biza. Da zarar an tura takardun neman jami'a, a duba ko gundumar tana yarda wanda bai riga ya tare ba ya shiga ƙuri'a. Washington tana yarda, da sharaɗin cewa a ranar rajista mutum zai kawo shaidar zama a birnin, wasu gundumomi kuwa sai da adireshi tun daga fom. Inda aka yarda, a cike daga Zariya, kuma kada a bari sai daren ƙarshe da dogaro da cewa agogon Washington yana bayan namu da awa biyar ko shida, domin wutar lantarki da intanet ɗinmu ba su san da wa'adin kowa ba. Cikewa da wuri ba ya ƙara wa yaro sa'a, wanda ya cike ranar farko da na ranar ƙarshe daidai suke, amma wanda ya makara da minti ɗaya ya fita daga ƙuri'a, sai dai a sa shi bayan waɗanda suka shiga.

Sai batun shekaru, wanda ya saba wa al'adarmu ƙwarai. A Zariya yaro kan shiga nazare yana ɗan shekara biyu ko uku, ya kai shekara biyar yana aji ɗaya ko ma aji biyu na firamare, iyaye suna alfahari da tsallaken da ya yi. A Amurka ranar haihuwa ce ke yanke ajin yaro, ba katin sakamakonsa ba. Domin shiga ajin share fagen firamare dole ya cika shekara biyar kafin wata rana da jiha ta tsayar: 1 ga Satumba a jihohi da yawa, ciki har da Texas da Maryland da Minnesota, 30 ga Satumba a Washington, 31 ga Disamba a birnin New York. Wannan aji, ko ajin 'yan shekara uku da huɗu inda ake da shi, shi ne babbar ƙofar shiga makarantar harshe biyu, domin a nan ne kujeru suke fanko. Daga aji biyu zuwa sama makarantu da yawa ba sa karɓar sabon yaro sai ya ci gwajin harshen, tun da 'yan ajin sun riga sun yi nisa. Ma'anar wannan ga mai 'ya'ya uku ita ce ƙaramin ne ke da dama ta gaske, babban kuwa mai shekara tara makarantar unguwa ce ta fi dacewa da shi.

A nan akwai wani ƙaramin kuskure mai babbar illa. Mu muna fara rubuta rana sannan wata, su kuwa wata suke farawa da shi. Yaron da aka haifa 5 ga Oktoba, idan aka rubuta masa 5/10, kwamfutarsu za ta karanta 10 ga Mayu, ta ɗauke shi a matsayin wanda ya isa shiga aji alhali bai isa ba, ya ci ƙuri'a, a zo rajista a duba takardar haihuwa a janye gurbin. Haka nan a tabbata sunan yaro da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a fasfo da takardar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da katin rigakafi, domin Muhammad a wannan takarda da Mohammed a waccan na iya jawo zirga-zirgar da ba a shirya mata ba.

Adireshi yana da nauyi fiye da yadda baƙo ke zato, don haka a duba taswirar makarantu kafin a sa hannu a takardar haya. Kowane gida yana ƙarƙashin wata makarantar unguwa wadda dole ta karɓi yaron gidan daga ajin 'yan shekara biyar zuwa sama, ba tare da ƙuri'a ba. Idan aka yi dace makarantar unguwar ita kanta ta harshe biyu ce, kamar yadda Oyster-Adams take ga mazauna kewayenta, to yaron ya shiga da haƙƙinsa, sai dai haya a irin waɗannan unguwanni kan fi ƙarfin alawus ɗin ɗalibi. Abin da ba a yi shi ne aron adireshin ɗan'uwa ko abokin da ke zaune a wata unguwa. A wurinmu wannan taimakon zumunci ne da ba wanda zai ɗaga ido a kansa, a can kuwa zamba ce, ana bincike, ana korar yaro, kuma hukumomin Washington sun sha kai iyayen da ke zaune a wajen birnin kotu suna neman su biya kuɗin karatun shekarun da suka ci. Mai bizar karatu shi ne ya fi kowa buƙatar nisantar irin wannan shari'a. Game da bizar kanta, 'ya'yan da suka bi iyayensu masu bizar ɗalibi ko ta musayar masana suna da damar shiga makarantar gwamnati kyauta, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1982 ba a hana yaro firamare ko sakandare saboda matsayin takardun iyayensa.

Jera makarantu a fom shi ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa, kuma a nan ne wayo ke cutar da mai shi. A Washington ana iya jera har makarantu 12. Kwamfuta tana ba kowane yaro lamba ɗaya ta sa'a, da ita zai yi takara a duk makarantun da ya zaɓa. Za ta fara gwada shi a zaɓinsa na farko, in bai samu ba ta gangara na biyu, kuma a na biyun ba a mayar da shi baya don wani ya sa makarantar a farko, lambarsa da fifikonsa (irin na mai wa ko ya a makarantar) kawai ake dubawa. Wannan hanya ta samo tushe daga aikin David Gale da Lloyd Shapley na 1962, Alvin Roth da abokan aikinsa suka shigar da ita makarantun New York a 2003 da na Boston a 2005, kuma Roth da Shapley sun sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2012 a kan wannan fanni. Amfaninta ga iyaye shi ne gaskiya ce dabarar da ta fi: a sa makarantar da aka fi so a farko ko da masu nemanta sun kai ɗaruruwa, domin yin haka ba ya rage damar samun ta biyu ko ta biyar. Wanda ya ce bari ya sa mai sauƙin samu a sama don kada ya tashi a tutar babu, to idan ya same ta an rufe masa duk waɗanda ya jera ƙarƙashinta, har da wadda zuciyarsa ke so, tun da yaro yana zama cikin jerin masu jira ne kawai a makarantun da ke sama da wadda aka ba shi.

Amma ba kowace gunduma ke bin wannan hanya ba. Tsohon tsarin Boston, wanda har yanzu akwai masu bin irinsa, yana fara cika kujeru ne da waɗanda suka sa makarantar a zaɓin farko, ta yadda wanda ya rasa na farkonsa zai tarar na biyun ya riga ya cika. A irin wannan wuri lissafi ya zama dole. Saboda haka a rubuta wa ofishin gunduma tambaya ɗaya a fili: shin sa makaranta a matsayi na biyu yana rage wa yaro damar samunta? Amsar ita ce za ta nuna yadda za a jera. Wasu wuraren kuma kowace makaranta ƙuri'arta daban take yi, sai a nemi kowacce da fom ɗinta.

Kafin lambar sa'a ta yi aiki akwai fifiko, wanda ke cinye kujeru da yawa tun ba a fara ba. Akwai na yaron da wansa ko yarsa ke makarantar, da na mazauna unguwa, a wasu makarantu kuma da na 'ya'yan ma'aikata ko na yaran gidaje masu ƙaramin ƙarfi. Wannan ne ya sa aji mai kujeru ashirin da 'yan kai zai iya kasancewa kaɗan ne kawai suka rage wa baƙi. Masu tagwaye ko 'ya'ya biyu da ke nema lokaci guda su haɗa su a asusu ɗaya na shafin cike fom su nuna cewa 'yan'uwa ne, domin samun ɗaya kan jawo ɗayan sama a jerin masu jira. A makarantun da ke haɗa yara masu harsuna biyu a aji ɗaya, ana raba kujerun gida biyu, rabi ga waɗanda harshen makarantar ne harshen gidansu, rabi ga sauran, kuma ɗan Bahaushe yana cikin sauran. Idan uwar yaro 'yar Nijar ce kuma da gaske yana jin Faransanci, ana iya nema masa a rukunin masu harshen inda ake da irin wannan rabo, amma za a gwada shi baki da baki, kuma 'yan gaisuwa da ƙirge ba za su fitar da shi ba.

A ranar rajista za a ba iyaye wata takarda mai tambayar harshen da ake yi a gida. A rubuta Hausa ba tare da fargaba ba. Abin da zai biyo baya shi ne a gwada Ingilishin yaron, in yana buƙatar taimako a ba shi kyauta, domin doka ta wajabta wa makarantu hakan tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1974 a ƙarar wasu ɗalibai 'yan asalin Sin a San Francisco. Sauran takardun su ne na haihuwa, da shaidar zama kamar takardar haya ko ta kuɗin wuta mai sunan uba ko uwa, da shaidar rigakafi. Wannan ta ƙarshe a fara shirya ta tun a gida. Katin da aka ba uwa a asibitin sha-ka-tafi yana da daraja, a tafi da shi na asali, domin zai nuna allurar shan inna da ƙyanda da mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta. Sai dai makarantun Amurka suna neman ta hangum da ta ƙarambau, waɗanda ba sa cikin jerin da gwamnati ta saba yi wa jarirai a nan, don haka ko a yi su a asibiti kafin tafiya a sa likita ya rubuta ranaku, ko a yi su da zarar an sauka. Idan aka nemi gwajin tarin fuka, a gaya wa likita cewa an yi wa yaron allurar BCG yana jariri, saboda takan sa gwajin fata ya nuna kamar akwai cutar alhali babu, shi ya sa likitoci kan fi son gwajin jini ga irin yaranmu.

A kuma yi lissafin hanya kafin a yi murna. Makarantar da ba ta unguwa ba sau da yawa ba ta da motar ɗaukar yara, ana tashi da misalin ƙarfe uku na rana, kuma zaman yaro bayan tashi kuɗi ake biya. Uban da ke ɗakin gwaji har magariba, da uwar da ba ta riga ta sami lasisin tuƙi ba, su auna ko za su iya kai yaro da ɗauko shi kullum cikin dusar ƙanƙara kafin su sa makaranta mai nisa a fom.

Idan sakamako ya fito, abu biyu ne: ko an ba yaro gurbi, ko an sa shi cikin masu jira. Wanda aka ba gurbi yana da wa'adin kai takardu, a Washington farkon watan Mayu ne, kuma in ya wuce an ba wani, don haka wanda har lokacin yana Zariya ya rubuta wa makarantar tun ranar da ya ga sakamako ya bayyana halin da yake ciki ya ji abin da za su karɓa. Wanda ke jira kuwa kada ya fid da rai, kada kuma ya zauna a kan jiran: ya yi wa yaro rajista a makarantar unguwa, tun da hakan ba ya cire shi daga jerin. Lambar jira tana motsi duk tsawon hutun bazara har zuwa makonnin farko na zango, lokacin da makarantu ke gano waɗanda suka yi ƙaura, kuma tana iya komawa baya idan wani mai fifiko ya shigo daga baya. Tayin da ke zuwa daga jerin jira 'yan kwanaki kaɗan ake ba mutum ya amsa, ta imel ko ta waya, saboda haka a sa imel ɗin da ake dubawa kullum, kuma da zarar an sauka a shiga asusun a cire lambar MTN ko Airtel da aka cike fom da ita a Zariya a sa ta can.